Taurin Kan Fuseini na Talata da Alhamis

Har yau ranar Litinin ɗin nan ba ta fita daga raina ba, ranar da Misis Dolan, shugabar sashenmu, ta haska wani zane a bangon ɗakin taro ta ce, "Ga matsalarmu." Matsalar sunanta Fuseini, shekarunsa talatin da ɗaya, zanen kuwa ni na yi shi da hannuna. Ku sababbin ma'aikata da kuke ganin furfurata kuna zaton hikima ce ta fito da ita, ku gyara zama.

Wajen tsakiyar shekarun 2010 ne, ina shekarata ta uku a wata ƙungiya da ke unguwar Tremont a Amerika, mai kula da manyan da aka haifa da larurar jinkirin fahimta. Gwamnatin jiha ce ke biyan kuɗin aikin, ita kuwa jiha ba ta taɓa ganin fuskar ɗaya daga cikinsu ba, takarda take gani. Kowane mutum ana rubuta masa buri, wato abin da ake so ya koya. Ma'aikacin da ke raka shi wurin aiki, wanda muke kira mai rakiya, yana cika takarda kullum: ya yi, an taimaka masa, ko ya ƙi. Takardun su zo teburina, in zuba su a kwamfuta, kwamfuta ta fitar da zane. Duk wata shida jiha ta duba zanen. In layi ya hau, a sabunta kuɗin rakiya. In ya kwanta, a janye. Sunan muƙamina jami'in bin diddigi, kodayake a shekara ukun nan ban bi diddigin kowa ba sai na injin shayi.

Fuseini ɗan Zangon Kumasi ne, yana da larurar da likitoci ke kira Down. An samo masa aiki a wani babban kanti a Fordham Road, safiya huɗu a mako, yana jera gwangwanaye yana manna musu farashi. Kantin ya yarda da shi ne bisa sharaɗin akwai mai rakiya a gefensa. In aka janye kuɗin, aiki ya tafi, Fuseini ya koma ɗakin yini na ƙungiya, inda ake ba gardawa masu gemu fensir mai launi su yi wa hoton agwagwa ado. Shekara takwas ya yi a ɗakin nan kafin ya samu kantin. An ce koriyar rigar aikinsa ko ranar hutu sai an yi da gaske yake cire ta.

Burinsa a takarda shi ne ya karɓi kayan aiki daga hannun ma'aikaci ba tare da gardama ba. Masu rakiyarsa biyu ne. Litinin da Laraba wata mata ce, takardunta fes, ya yi, ya yi, ya yi. Talata da Alhamis kuwa wani sabon ma'aikaci ne, Kevin, mutumin kirki mai yawan murmushi, kuma takardunsa cike suke da ya ƙi. Kevin ya rubuta cewa in ya miƙa masa injin manna farashi, sai Fuseini ya mayar da hannuwansa baya ya sunkuyar da kai. Sai Kevin ya gaji ya ajiye injin a kan kwali, sannan Fuseini ya ɗauka. Wata huɗu ina zuba wannan a kwamfuta ina kurɓar shayi.

Ba a zauna haka nan ba, kada ku zarge mu. An ɗauko ƙwararriya a kan halayyar ɗan Adam, da digiri biyu da jaka mai taya. Ta yi nazarin zanena na tsawon mako biyu, ta gano cewa Talata da Alhamis ne motar kaya ke zuwa kantin, saboda haka ƙara ce ke damunsa. Aka saya masa abin toshe kunne irin na masu aiki a filin jirgi. Fuseini ya ji daɗinsa ƙwarai, ya rataya a wuya, ya ci gaba da ƙi. Ƙwararriya ta ce wannan alama ce mai kyau, domin sauyi yakan fara da turjiya. Ita ma, kamar ni, ba ta taɓa zuwa kantin ba, amma ta yi alkawarin za ta je.

A taron Litinin ɗin Misis Dolan ta ce saura mako uku jiha ta duba fayil ɗinsa, kuma da wannan zanen ba za ta iya neman sabuntawa ba. Sai ta juyo wajena. "Bala, ai kana jin yarensu. Ka je ka shirya mahaifiyar, ta sa hannu a takardar sanarwar janye rakiya." Na ce to. Har na ji wani ɗan girma, yau an tuna ina da amfani.

Da la'asar na je gidansu a unguwar University Heights, hawa na huɗu, lif ya lalace. Mma Memuna, mahaifiyarsa, tsohuwa ce ƙarama mai kaifin ido, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Muka gaisa, ta kawo mini ruwa da goro. Fuseini ya fito da koriyar rigarsa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Rabon da wani ya yi mini irin wannan gaisuwa tun ina Kano.

Na taho masa da cakulan don in sassauta mugun labarin da nake ɗauke da shi. Fayil yana hannuna na dama, sai na zaro cakulan ɗin daga aljihu da ɗaya hannun na miƙa masa. Fuseini ya mayar da hannuwansa baya, ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, to ga shi, yau na ga ya ƙi da idona. Na ƙara miƙawa. A hankali ya ce, "Baaba, hagu ba kyau."

Mma Memuna ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai ma? Ɗan Kano guda? Amerika ya cinye ka, ɗana."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ni da kakata ta sha buge mini hannu da muciya a kan wannan, ni ne yau nake miƙa wa mutum abu da hagu a gaban uwarsa. Na ajiye fayil, na ba shi da dama. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. A nan tsaye na tuna yadda Kevin ke sa hannu a takardunsa a ofishina, ya karkatar da takarda, ya lanƙwasa hannu ta sama. Bahago ne. Wata huɗu ina kallonsa yana rubutu.

Na yi wa Mma bayanin komai, sannan na nuna mata irin basirar da ake biyana albashi dominta. Na ce, "Mma, abin da sauƙi. Ki gaya masa a nan ƙasar babu laifi, ya riƙa karɓa ko da wane hannu. Maganarki kaɗai yake ji."

Ta ce, "Ranar da na haife shi a Kumasi, dokita ya ce mini yaron ga ba zai koyi komi ba. Shekara shida na yi ina koya mai hannun dama. Kullum, kullum, har ya zauna. Shi ne abu na fari da ya koya, a kanshi na san dokita ya yi ƙarya. Yanzu kai ka hau bene huɗu ka ce in kwance?" Ta tura mini takardar sanarwar da yatsa ɗaya. "Wanda aka kai makaranta shi ya kamata ya koyi sabon abu. Ka tafi da takardarka."

Washegari Talata ce. Na je kantin da kaina, karo na farko a shekara uku da na taka wurin aikin wani da nake bin diddiginsa. Na ja Kevin gefe na gaya masa. Ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan? Wata huɗu ina komawa gida ina tunanin mutumin nan ya tsane ni." Ya ɗauki injin da dama, a karkace kamar mai riƙe da jariri a karo na farko, ya miƙa. Fuseini ya karɓa, ya ce masa sannu da aiki da Hausa, ya kama jera tumatirin gwangwani. Daga ranar ba a sake rubuta ya ƙi ba.

Na koma ofis da ɗokina na rubuta rahoto: ba taurin kai ba ne, tarbiyya ce, kuma wanda ya gyara hali ma'aikaci ne. Misis Dolan ta karanta, ta cire tabarau. Mace ce mai son mutanen nan da gaske, ba zan ci amanarta ba, amma ta fi ni sanin jiha. Ta ce, "Bala, labari ne mai daɗi. Nuna mini akwatin da zan sa shi a fom." Na duba, babu. Ta ce jiha tana biya ne don mai larura ya ci gaba, ba don a koya wa ma'aikaci ba. In muka rubuta cewa tun farko ya iya, za a tambaye mu me muka yi da wata huɗu na rakiya da ƙwararriya, kuma wanda zai fara rasa gurbinsa Fuseini ne. "Kana son gaskiyarka a fayil, ko kana son shi a kanti?"

Na zaɓi kanti. Muka rubuta cewa bayan wata huɗu na turjiya, tsarin gyaran hali da abin toshe kunne sun yi nasara. Layina ya hau sama gwanin sha'awa. Jiha ta sabunta kuɗin, aka sabunta kwangilar ƙwararriya, har na ji an ce tana ba da misalinsa a tarurruka.

A ƙarshen shekara ƙungiya ta yi ɗan biki, aka zaɓi Fuseini a matsayin wanda ya fi kowa gyara halinsa. Mma Memuna ta zo da sabon mayafi ta zauna a gaba. Aka kira sunansa, ya fito da koriyar riga. Misis Dolan na riƙe da makirfo a dama, ta miƙa masa takardar yabo da hagu. A gaban ƙwararriya da baƙi daga jiha, Fuseini ya mayar da hannuwansa baya ya sunkuyar da kai. Kevin ne ya miƙe daga can baya ya ɗaga hannunsa na dama sama. Misis Dolan ta yi ja har kunne, ta sauya hannu. Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna. Mma Memuna ba ta yi tafi ba, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a takarda tana ƙirga abin da mutum ya ƙi, ba ta tambayar yadda aka miƙa masa. Shi ya sa nake hana ku zuba ya ƙi sau uku a jere ba ku je kun gani da idonku ba. Fuseini ya ci gaba da aikinsa a kantin. Amma in kun buɗe fayil ɗinsa yau, za ku tarar an rubuta cewa mutumin da ya fi duk wanda na sani a birnin nan ladabi yana da tarihin taurin kai. Ku duba ƙasan shafin, sa hannuna ne, kuma da dama na sa shi.