Amin ɗin da Ya Cinye Mini Kasona

Ni mai zane ne, amma a Dubai kwalaye nake ɗaurewa a wani sito na kargo a Ras Al Khor. Zane sai ranar hutu, da ragowar fenti. Na taɓa zana marinar garinmu, masu rini a tsugune hannu duk baba, wani Alhaji ɗan Kano mai dillancin kaya ya gani ya taya. Kuɗin ko takalmin kirki ba za su saya ba, amma na sallama, don lokacin ina fama da babu.

Ana nan sai abokin aikina, wani ɗan Nijar mai iyayi, ya ce ya ga zanena a wani kanti a Al Rigga, an sa masa gilashi, Alhaji na shirin sayar wa wani Balarabe.

"A Faransa," in ji shi, "duk sanda aka sake sayar da zane, mai zanen na da kasonsa."

Na ce to ai la'ada ke nan! Dillalin da ko buroshi bai taɓa riƙewa ba ya ci, ni da na yi gumin in tashi a tutar babu? Wallahi raina ya ɓaci. Na zura kaftanina na Juma'a na hau jirgin ƙasa, ina ta bitar abin da zan faɗa.

Da na isa kantin, Alhaji na hango ni ya taso da sauri ya kama hannuna.

"Malam, ka rufa mini asiri. Na ce masa mai zanen ya rasu."

"Na rasu, Alhaji? Yaushe?"

"Na ce masa tsoho ne kai, a ƙauye. Kayan mamaci sun fi daraja, ba za a ƙara samun irinsu ba. Yi shiru, habibi, ɗan'uwana, shwaiya kawai, na ɗan lokaci."

Na fizge hannuna na nufi Balaraben. Dattijo ne mai farin gemu, yana tsaye gaban marinata ya ƙura mata ido. Ban taɓa ganin wani ya kalli aikina haka ba. Alhaji ya riga ni baki, ya ce ni ɗan garin marigayin ne.

Dattijon ya riƙe hannuna, ya ce hannun da ya yi wannan zane hannu ne mai albarka ƙasa ta rufe. Sai ya ɗaga tafukansa ya shiga addu'a: Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa.

Jama'a, Bahaushe ne ni. Tun ina yaro ba a taɓa yi wa mamaci addu'a a gabana na yi shiru ba. Kafin in ankara bakina ya ce "Amin", da ƙarfi kuwa, har na shafa. Alhaji ya amsa nasa har da share ido, munafuki.

To bayan wannan da wane baki zan ce ga ni da raina? Khalas, shi ke nan. Aka naɗe zanen aka kai mota.

Da dattijon zai fita ya juyo ya tambaye ni ko marigayin ya bar iyali. Na ce ya bar mata da 'ya'ya a Kano, kuma har yau suna jiran aike.