Dillalin da Ba a Yi wa Musu

Yayana Badamasi mai gyaran keken ɗinki ne a kasuwar Gusau, kuma in kana neman mutum mai bin diddigi, to ka samu. Ka kawo masa keke ka ce zare yake tsinkewa, sai ya tsare ka da tambayoyi kamar alƙali: wa ya taɓa kwance shi, wane mai kake ɗiga masa, yaushe ya fara. Tun muna yara a 'Yandoto haka yake. Inna ta aike shi sayen manja, sai ya ɗanɗana na kowa a kasuwa kafin ya dawo, miya tana jiransa. Ni Husaina, da nake bi masa, na sha yi masa tsiya a kan wannan hali.

Tunda ya auro Bara'atu daga Tsafe ya kawo ta Gusau, haya suke yi. Nan a ce mai gida zai yi wa ɗansa aure, a tashi. Can a ce an sayar, a tashi. Bai taɓa ƙorafi ba, sai da aka sa ranar 'yarsa ta fari, Aziza, wadda ko sunanta ba ya faɗa don kunya. Ya same ni a gidana ya ce, "Husaina, wallahi ba za a ɗauki yarinyar nan daga gidan haya ba. A ƙofar gidana za a sa ta a mota." Ya sayar da gonar gadonsa ta 'Yandoto, wadda dama zuwa noma ta ya daɗe da gagara, ya haɗa da abin da ya tara.

Da farko abin gwanin sha'awa. Ya bincika har ya samo wani dillalin gidaje mai suna Bello, wanda kowa ya yi wa shaidar gaskiya. Ya yi magana da magini da zai ƙwanƙwasa bango ya duba tushe, ya samu lauya Abdulrasheed don takardu. Sannan ya ce bari ya je Tsafe ya sanar da surukinsa, kada tsoho ya ji a bakin duniya.

Malam Shu'aibu, mahaifin Bara'atu, dillalin shanu ne tun yana saurayi, kuma mutumin kirki ne, kada wani ya ce na zage shi. Ya kalli bijimin sa daga nesa ya gaya maka ciwon da ke cikinsa. Da ya ji labari sai farin ciki ya kama shi, ya ce, "Ina raye za ka kai wa bare? Ai dillanci gadona ne. Bar mani wannan aiki, ko la'ada ba ni so." Badamasi yana tsugune, takalmansa can waje, idonsa a ƙasa. Ya ce, "To, Baba."

Da ya dawo ya gaya mini, na ce, "Yaya, kana hauka ne? Shanu daban, gida daban!"

Ya ce, "To in ce masa me? In ce ban yarda da shi ba? Mutumin da ya ba ni 'ya?"

Na juya wajen Bara'atu, ta sunkuyar da kai. Ubanta ne, me za ta ce? Haka aka ba Bello haƙuri. Magini ma aka ajiye shi, wai in aka je da shi kamar ana gwada aikin suruki ne. Lauya kaɗai ya tsira, shi ma don Malam Shu'aibu ba ya karanta boko.

Tsohon nan ya wahala, ba na ɓoyewa. Ya bar kasuwarsa, yana hawa mota daga Tsafe zuwa Gusau cikin zafin bazara, yana bin unguwanni da sandarsa. Daga ƙarshe ya aiko cewa an nuna masa wani gida a sabuwar unguwa kan hanyar Bungudu, a zo a gani. Na bi su don in raka Bara'atu.

Gida ya sha sabon fenti, ga tsakar gida da faɗi, ga zaure. Amma tun daga titi gangarawa ake yi kafin a isa. Dokin ƙofar ya yi tsawo har sai na tattare zanina, kuma a jikin bango, daidai gwiwa, akwai wani layi da fenti bai iya rufewa ba. Na ga idon Badamasi ya tsaya a kan layin nan. Mutumin da ke jin ciwon keke daga ƙararsa, a ce bai gane shaidar ruwa ba?

Malam Shu'aibu ya ce, "Ka duba da kyau?"

"Na duba, Baba."

"Ya yi maka?"

"Ya yi, Baba."

Kai, ranar kamar in fashe! A hanya na tsare shi. Ya ce mini, "Baba ya girme mu, ya fi mu sanin ƙasa. Da akwai matsala da ya faɗa." Lauya ya bi takardu har ofishin ƙasa, ya ce lafiya lau suke, kuma gaskiyarsa, ai takarda ba ta nuna inda ruwa yake bi.

Suka tare. Ban taɓa ganin Bara'atu da fara'a irin ta lokacin ba; ƙusa ma in za ta kafa sai ta yi dariya, ta ce yau ba wanda za ta nemi izininsa. Aka fara tara kayan ɗakin amarya a ɗakin baya.

Ana saura 'yan makonni biki, wata ranar da la'asar aka tsuge da ruwa. Duk ruwan unguwar ya gangaro ya taru a ƙofarsu, ya haura dokin ƙofar, ya cika tsakar gida. Suka kwashi yara suka fita da ƙyar. Katangar baya ta zube, ɗakin da ke jikinta ya tsage, katifar Aziza da kujerunta suka sha laka. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, amma gida bai zaunu ba. Suka dawo wurina.

Washegari Malam Shu'aibu ya zo jaje. Na kai ruwa zaure, na tsaya bayan ƙofa, don ni ba na iya ƙin jin magana. Tsoho ya ce, "Badamasi, ni fa na ga layin nan. Gidan bai kwanta mini ba. Na kira ka ne don ka gani ka ce a'a, mu nemi wani. Da ka ce ya yi, sai na zaci iya ƙarfinka ke nan, na ji nauyin in kushe maka."

Na jira in ji yayana ya ce shi ma ya gani. Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba. Haka Allah ya so." Na koma ciki na yi kuka, don haushi da tausayinsu duka biyun.

Ba a ɗaga biki ba. Daga gidana aka ɗauki Aziza. Da motoci suka jeru da yamma, dangin ango suka yi ta miƙa wa mijina hannu suna cewa, "Mai gida, Allah ya sanya alheri." Badamasi yana tsaye a gefen titi cikin 'yan rakiya, da sabuwar shaddarsa, har motar ta tashi.