Abin da Ephraim Ya Faɗa a Bakin Kabari

Ephraim Pell mijin yayata Keziah ne. Tun yana saurayi yake kora alfadarai masu jan jirgin kaya da igiya daga gaɓa a hanyar ruwa ta Erie, kuma bakinsa bakin 'yan jirgi ne zalla. Ba ya cewa mutum ya bugu, sai ya ce ya yi lodi fiye da kima. Wanda ya gudu kuwa, sai ya ce ya yanke igiya. Keziah takan ce masa, "Ephraim, in za ka shiga coci, ka tuɓe bakin nan tare da hularka."

Zazzaɓi ya ɗauke ta a garin Rochester, ta bar masa jaririya, Dorcas. A bakin kabari fasto ya tambaya ko mijin yana da abin faɗa. Ephraim ya murɗe hularsa ya ce, "Jirgi ce mai kyau, ba ta taɓa yoyo ba. Ta ja kayan da alfadari biyu ba za su ja ba. Yanzu ta yanke igiya, ta bar ni a taɓo." Sai kuka ya ci ƙarfinsa. Iyakar abin da ya iya ke nan, kuma kowane ɗan jirgi a wurin ya gane.

Ashe akwai wani ɗan jarida a bayanmu. Lokacin jaridu sun haukace da irin wannan magana ta 'yan jirgi da 'yan tasha, don ita ke sayar musu da takarda. Ɗan jaridar ya buga maganar Ephraim a shafin barkwanci, ya ƙara gishiri, wai mijin yana tangaɗi. Ƙarya yake, Allah wadaran shi! Bai sa suna ba, amma duk masaukin da Ephraim ya shiga sai wani ya ce, "Pell, ina labarin jirginka marar yoyo?" Kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya sayar da alfadaransa ya yi yamma, can jihar Ohio, ni ma na bi shi.

Can ya zama kafinta, ya wanke bakinsa tas, kowace kalma sai ya auna ta. Wata bazawara mai tsoron Allah, Mehitable Strong, ta riƙi Dorcas kamar ita ta haife ta. Ephraim ya nemi aurenta, don yarinyar ta samu uwa. Saura kawai amincewar wan Mehitable, Lemuel, dattijon coci.

Abin da muka manta shi ne masu jarida suna aika wa juna jaridunsu, kowa ya yanko abin da ya ga dama ya cike gurbi. Labari ba ya mutuwa a hannunsu, yawo kawai yake yi.

Ranar da Lemuel ya gayyace mu cin abinci, bayan an gama da wake da burodin masara, ya buɗe jaridar garin ya ce, "Ku saurari wannan, sai cikinku ya ƙulle." Ya karanta maganar Ephraim daga farko har ƙarshe. Gida ya ɗauki dariya.

Mehitable ta ce, "Haba Yaya, bari haka! Wane irin mutum ne zai kira matarsa jirgi a gaban Ubangiji? Da in auri irinsa gara in tsufa ni kaɗai."

Lemuel ya share hawayen dariya ya ce, "Pell, kai da ka zauna gabas, da gaske haka suke magana?"

Ephraim ya dubi Dorcas, tana kwance a jikin Mehitable. Sai ya yi dariya, wata busasshiyar dariya, ya ce, "Haka suke, ranka ya daɗe. Jahilai ne."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanyar gida Ephraim bai yarda mun haɗa ido ba.

An yi auren, kuma Mehitable ta riƙe su da amana. Sai dai Lemuel ya yanke labarin ya adana. Duk Kirsimeti, in an taru, sai ya miƙa wa Ephraim ya ce, "Suruki, tashi ka karanta mana, kai ka fi iya muryar." Ephraim yakan tashi ya karanta. Dorcas ta girma yanzu, ba wanda ya taɓa gaya mata, kuma ta fi kowa dariya.