Hannu Ɗaya a Aljihu

Ban san sunansa ba. Dona Zuleide, mai gidan da muke haya a birnin Recife, ita ta kira shi ya duba akwatin wutarmu, don kwana biyu muna jin ƙauri.

Dattijo ne siriri, girarsa ta dama babu gashi. Ya sauke hoton waliyyiyar da ke rufe akwatin, ya yi alamar gicciye. Ba ya taɓa komai sai ya shinshina. Hannun hagunsa na aljihun baya, ba ya fito da shi. Ina jin wani ya taɓa kama waya da hannu biyu a gabansa, kuma shi ya ɗauki gawar.

"Dona, wa ya yi wannan?" Yana nuna wata guntuwar waya da ta yi baƙi, wadda aka tsallake makunnin kariya da ita.

"Marigayi mijina. Da an kunna shawar lantarki mai ɗumama ruwan wanka sai abin nan ya katse wuta. Ya ishe mu."

"Baiwar Allah, katsewar ce ke ceton ku."

Ta taɓe baki. "Shekara da shekaru, wa ya mutu?"

Ya karkata kunne. Daga ciki ana jin zubar ruwa, matata Neide tana wanka tana waƙa. Ya finciko babban makunni, ya kashe wutar gidan.

Waƙar ta tsaya. Ni kuwa na daskare, ina roƙon Allah in ji ta zage ni saboda ruwan sanyi, in san wuta ba ta kama ta ba.