Yatsan Orville Tackett

Orville Tackett ya yi shekara ashirin da shida a ramin haƙar kwal, ya fito da tarin da ba ya jin magani, ya koma gyaran injin yankan ciyawa a rumfar bayan gidansa. Shingen waya ne kawai tsakanin gidana da nasa. Shekara talatin muna maƙwabtaka, kuma duk garin nan an san Darlene Sizemore ba ta barin magana ta kwana a cikinta. Ni ce Darlene ɗin. A da har taƙama nake yi da wannan hali.

Bayan rasuwar matarsa Maybelle, 'yarsu ta tafi birni neman aiki, ta bar masa jikarsa Junie tana da shekara uku. Shi ya koyi kama mata gashi da roba, ko da yake kullum a karkace yake fitowa. Shi ke dafa musu wake da burodin masara. Ranar da Junie ta fara ajin share fage, ya sa ta a motar makaranta, sannan ya shiga tsohuwar akori-kurarsa ya bi su a baya har ƙofa. A kicin ɗin makarantar nake aiki, ta taga na hango shi tsaye da hula a hannu kamar wanda ya rako gawa.

A mako na biyu Malama Hostetler ta fara ba yara jakar leda, da ɗan littafi a ciki da takarda: a karanta wa yaro na minti ashirin kullum, babba ya sa hannu. Komai nasu a takarda yake. Ranar hoto takarda, kwarkwata ta ɓulla takarda. Ba a taɓa samun mai hankali ɗaya da ya tambayi wa zai karanta takardun nan a gida ba.

Kullum bayan cin abincin yamma, da sauran rana, sai su zauna a baranda, ni kuma ina jin su daga lambuna. Littafin shafi takwas ne, wani jan kare da ƙwallo. A bakin Orville kuwa karen sunansa Gwamna, kuma an kore shi daga ramin kwal ne saboda ya cinye abincin shugaban leburori. Washegari Gwamna ya tsaya takara. Jibi ya auri kyanwar limamin coci. Junie tana dariya har da shaƙuwa. Na ɗauka gishiri kawai yake ƙarawa, irin na tsofaffi.

A mako na huɗu malamar ta koya musu bin kalma da yatsa, kowace kalma a taɓa ta sannan a faɗe ta. Ran nan na kai musu tumatir, na tarar Junie ta zo da sabuwar doka.

"Kaka, sa yatsa. Malama ta ce ba a karatu sai da yatsa."

"Malamar taki ta taɓa ganin yatsana? Shafin duka zai rufe, 'yar tsohuwa."

"Ni dai ka sa."

Ya sa. Kalma huɗu ce a shafin. Yatsan ya kai ƙarshen layi, shi kuwa ko rabin zancen Gwamna bai yi ba.

"Kaka, kalmomin sun ƙare, kai kana ta magana," in ji Junie. Ta ɗora ɗan yatsanta a kan ta farko. "Wannan na san ta, kare ce. Ina Gwamnan yake?"

"Tabarauna ne na bari a mota."

Nan na kwashe da dariya. Na ce, "Wane tabarau, wanda ke kan goshinka? Haba Orville, in ba ka iya karatu ba ka faɗa mana mana!"

Wallahi tsokana ce. Shekara talatin ina tsokanarsa yana ramawa, rediyo mai jini yake kirana. Na tsaya jiran ramuwa. Kunnuwansa suka yi ja. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini: wasiƙun da yake miƙo mini ta kan shinge tun rasuwar Maybelle, wai rubutun ya yi ƙanana, yadda a gidan abinci ba ya duba takardar jerin abinci, sai dai ya ce a ba shi irin na jiya.

Junie ta ɗaga kai ta dube shi. "Kaka, da gaske ne?"

Ya rufe littafin, ya mayar cikin jakar, ya ce ta je ta wanke hannu.

Washegari da yamma aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Junie ce da jakarta. "Kaka ya ce ke za ki riƙa yi mini, kin fi shi murya."

Na zaunar da ita, na wuce rumfarsa. Yana kwance wani inji, bai ɗago ba.

"Orville, bakina ne. Ka yafe mini."

"Ai ba ƙarya kika yi ba, Darlene."

"To ka dawo ka ci gaba da ba ta labaranta. Ni zan riƙa koya maka a ɓoye, ba mai ji."

"Shekarata sittin da takwas. Yarinyar za ki koya wa, kar ta fito irina." Ya goge hannu da tsumma. "Mako biyu da ɗoriya ina sa hannu a takardar mutane a kan abin da ban yi ba. Sunana kaɗai na iya rubutawa, shi ma na yi ƙarya da shi."

Da safe na tare Malama Hostetler a bakin aji, raina a ɓace. Ba muguwar mace ba ce. Ta ce ai abin da yake yi shi ne ake so, yaro ya zauna a jikin babba, a duba hoto, a yi hira, kalmomi za su zo daga baya. Na ce to me ya hana a faɗi haka tun farko? Ta ce an faɗa, yana bayan takardar. Sannan ta ce bari ta rubuta masa 'yar wasiƙa ta ƙarfafa masa gwiwa.

"Ki rubuta masa?" na ce. "Malama, kina jin kanki kuwa?"

Ta buga masa waya daga baya. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ya gode, ya ajiye.

Kafin Kirsimeti Junie ta fara haɗa kalmomi da kanta. A teburina ta koya, yatsa a kan layi, abin da ke shafi shi nake faɗa, ba ƙari ba ragi. Yanzu tana aji huɗu, ita ke karanta masa kwalaben magani da takardun asibiti, yana cewa to, to. Har gobe yana gyara mini inji, yana kawo mini kabewa, muna gaisawa.

A shekarar farko takan ɗauki littafi ta hau cinyarsa, ta ce ko hotunan ne su duba tare. Sai ya shafa kanta ya ce ta kai wa Anti Darlene, ita ta san abin da ke ciki. Tun tana aji biyu ta daina kai masa.