Na rusuna wa surukina, sitiyari a hannuna

Sai da Inna ta yi salati na ɗago kai. Amalanken shanu ne a gabana, ɗauke da buhunan shinkafa, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Na taka birki har ƙwaryar furarta ta kife.

Daga Bagudo muka fito, zan kai mahaifiyata suna a Geza. Waya ta yi ƙara, na ga surukina ne. A wurinmu ba a barin kiran suruki ya katse, don haka na ɗauka. Ina cewa "Baba, ina wuni," sai na rusuna kamar yana gabana. Idona ya bar hanya.

Da na tsaya a gefe, mai amalanken ya wuce yana girgiza kai. Kunya ta sa na ce, "Inna, shekara goma ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takewa ba."

Ta kalle ni ta ce, "To, gwani. Kajin ne ke kauce maka, ɗan nan. Shanu ba su iya ba."

Kiran ya riga ya katse, sai na kira Baba na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Gaisuwa tana jira. 'Yata da jikokina kai suke jira, ba ladabinka ba."

Yanzu wayata a aljihu take zama sai na tsaya, kuma har yau ba wanda ya yi fushi.

Ku fa, kiran wa ne ba ku iya ƙyalewa kuna tuƙi?