Ranar da Na Shiga Gaban Malam a Dutsen Siri Lanka

Daga Gaya zuwa Yamai

Mun bar Gaya kafin kiran assalatu, ni da Malam, da jaka biyu da ƙunshin busasshen kifi da na san ba za a bar mu mu wuce da shi ba, amma Malam ya ce a ɗauka. Ni ban yi lakkwal ba, ban san boko ba, faɗa nake ana rubutawa, domin matan unguwa sun ishe ni da tambaya, kowace ta shigo sai na faro mata daga farko.

Sumana ne ya aiko da biye, wato tikitin jirgi. Shi ne ɗanmu na uku, yana fataucin duwatsu masu daraja a wani tsibiri da ake kira Siri Lanka, can ƙasan Indiya. Ya auri ɗiyar Musulmin ƙasar, ta haihu, ya ce mu zo mu ga jika.

Abin da Sumana bai sani ba, damina biyu ke nan da farar yana ta rufe idon ubansa. Haske da duhu yake gani, sai inuwar mutum. A gulbi hakan bai hana shi komai ba, da kunne da sandar tuƙi yake bin ruwan da ya sani tun yana yaro. Amma tun da wani tsoho ya kife da kwalekwale wajen Tunuga, Sumana ya rantse a wayar salula cewa ranar da ya ji idon ubansa ya yi rauni, ranar za a sayar da kwalekwalen Malam. Ni kuwa na san mijina. In aka raba shi da kwalekwale, zai zauna a zaure ya daina cin abinci.

Mace a wurinmu bayan mijinta take tafiya, ba ta jan sa a bainar jama'a. Sai na koyi nuna hanya da faɗa. In rami na gabansa sai in ce, "Dubi wannan rami na hannun dama, an rasa mai cike shi ne?" sai ya kauce hagu. Duk Gaya an san ni da mita, ba wanda ya lura ta ƙaru.

Kar ɗin da muka shiga, babbar motar fasinja, ta cika maƙil. Kafin Dosso jandarma suka tsai da mu, aka ce kowa ya sauko da takardarsa. Malam ya fito da tasa ya miƙa wa mai tallan dafaffen ƙwai.

Na ce, "Kai mai ƙwai, kauce mana, ka tare jandarman da ke hannun hagu!"

Malam ya juya hannu hagu kamar dama can ya nufa. Jandarman ya duba ya ce, "Baba, da wannan tsohuwa za ka yi doguwar tafiya? Allah ya ba ka haƙuri."

Malam ya ce, "Amin."

Mun shiga Yamai bayan azahar, muka kwana biyu gidan ɗiyar ƙanwata. A filin jirgi ƴan duwan masu binciken kaya suka karɓe kifin. Ban ce na faɗa ba, na dai yi tari.

A sama

Jirgi biyu muka shiga. Tsakaninsu an sauke mu a wata ƙasar Larabawa, cikin gini mai sanyi kamar randa, mai matakala da ke tafiya da kanta. Na ce, "Ga wata fitina nan gabanka tana cin ƙafar mutane, ɗaga ta dama yanzu." Ya ɗaga, ta tafi da shi, yana salati. Abincin jirgi ɗan kaɗan ne cikin kwanoni da yawa. Malam ya zuba gishiri a shayi ya shanye bai ce uffan ba.

Beruwala

Sumana ya tarbe mu a Kolombo da hantsi, da mota da direbanta, wani siririn mutum mai suna Nizam. In aka tambaye shi abu sai ya kaɗa kai gefe da gefe. Na ɗauka gardama yake, har Sumana ya ce haka suke cewa to. Muka bi bakin teku zuwa garin surukai, Beruwala. Itacen kwakwa ko'ina, zafi mai jiƙa tufafi, ruwan sama ba sallama.

Surukan mutanen kirki ne, suna salla a kan lokaci. Shinkafarsu ba ta kai tamu ta fadama ba, miyarsu kuwa kwakwa ce da tonka mai ɗan karen yaji, har Malam ya yi hawaye. Da safe suna yin wata masa mai faɗi, sirara, da ƙwai a tsakiya. Wannan na yarda da ita. Jikar mace ce. Da aka ɗora wa Malam ita, ya shafa fuskarta da yatsa ya ce hancin uwarsa ne. Ba hancin uwarsa ba ne.

Ya sa aka kai shi teku. Ya tsoma hannu ya ɗanɗana ya tofar. "Ruwa mai yawa haka, ba na sha ba, ba na shinkafa ba."

Bayan mako guda Sumana ya ce ba za mu koma ba mu ga ƙasa ba. Ya ce baƙi na zuwa nan miji da mata, su shiga daji, su hau duwatsu.

Na ce, "Ba su da aiki a gida?"

Malam ya ce za a je.

Kogi da daji

Farko aka sa mu a jirgin ruwa mai inji, cikin wani kogi da itatuwa suka rufe, saiwoyinsu tsaye cikin ruwa kamar ƙafafun kaza. Nan Malam ya dawo mutum. Ya zauna gaba, ya miƙe wuya, yana shaƙar iska. Ni ce dai ban huta ba. "Wane sakarai ya bar reshe a nan, sai mutum ya sunkuya?" Sai ya sunkuya. "Ga wani kuma." Muka ga kada kwance a laka da guza mai tsawon tabarma.

Sumana ya ce, "Inna, faɗanki ya ƙaru fa."

Na ce, "Abin faɗa ne ya ƙaru."

Washegari muka yi arewa, wuni guda a mota, a kan gudron, titin kwalta mai kwana-kwana. Gab da la'asar Nizam ya taka birki ya kashe inji. Giwa ce tsaye a tsakiyar hanya, tana kaɗa kunne, kusa har ina ganin ƙudan da ke bin ta.

Malam ya ce, "Me muke jira bayan wannan kamiyon kaya? A danna masa oda mana ya kauce."

Na yi dariyar da ban taɓa yin irinta ba na ce, "Malam da ba'a! Giwa ce kake kira kamiyo." Sumana bai yi dariya ba. Ya kalli ubansa ta madubi, ya daɗe.

Mun kwana a wani otel na ɗakunan katako cikin itatuwa. Gado ɗaya ne, an watsa furanni a kai. Na kakkaɓe su na shimfiɗa zanena.

Dutsen Sigiriya

Da asuba aka kai mu gindin wani dutse da ya tashi shi kaɗai a tsakiyar daji, kamar an kife turmi. An ce wani sarki ya taɓa gina gida a samansa. Sumana ya ce, "Baba, ku zauna a inuwa ku da Inna, hawan ba na tsofaffi ba ne." Da bai faɗi haka ba da mun zauna. Malam ya naɗe wando ya ce a nuna masa hanya.

Rabin farko na dutse ne, matakala bayan matakala. Na yi faɗa da kowace ɗaya. Na zagi wanda ya sassaƙa su, na zagi birai, na zagi gwiwata. Malam na gaba, ni a bayansa, Sumana a bayana, muka iso wani fili inda aka sassaƙa ƙafafun zaki biyu, kowace ta fi ɗaki. Daga tsakaninsu matakalar ƙarfe ta tashi, manne da jikin dutse, siririya, ƙasa na can nesa ta cikin ramukanta.

Nan wani mai gadi ya tare mu, ya ɗora yatsa a baki, ya nuna sama. A jikin dutsen akwai sheƙunan rina, baƙaƙe, manya kamar buhu. Sumana ya fassara a hankali: daga nan har sama ba magana, ko tari a danne shi. Hayaniya ce ke tashin su, kuma in suka tashi a kan wannan ƙarfe ba wurin gudu.

Na ce a kunnen Malam, "Mu koma."

Ya ce, "Ke, a gaban yaro?" Ya lalubi ƙarfen ya fara hawa.

Matakalar farko ya yi ta lafiya, domin miƙe take. Ina bayansa, bakina cike da magana ba halin fitarwa. Sai ga kwana. Matakalar ta juya hagu, Malam kuwa ya ci gaba miƙe. Cikinsa ya bugi ƙarfen tsaro, ya ɗaga ƙafa yana neman mataki inda babu komai sai iska. Hularsa ta faɗi. Na bi ta da ido har ta zama kamar ƙwayar gero.

Na kama rigarsa na fizgo shi. Na matsa ta gefensa, kafaɗata na gugar dutse, na shiga gabansa. Na kama wuyan hannunsa na dama. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa tafiya gabansa ba, ban taɓa riƙe hannunsa inda ido ke gani ba. Ya ja, na riƙe. Ya buɗe baki, na nuna masa sheƙar rina, na manta ba gani yake ba. Amma ya rufe bakin. Haka muka hau, in taka in ja, ya taka. Wata Baturiya da ke saukowa ta dafa ƙirji tana mana murmushi. Na harare ta.

A sama iska ce da tsoffin tubala, daji kore har ƙarshen ido. Malam ya ƙwace hannunsa ya zauna yana haki. Sumana ya tsuguna gabansa.

"Baba, ka ga farin gunkin can mai tsawo a cikin daji?"

"Na gani mana."

"A bayanka yake, Baba."

Sumana ya juyo gare ni. "Inna, tun yaushe?"

"Damina biyu."

"Kuma kina barin sa ya shiga gulbi?"

Na ce, "Ina barin sa ya rayu. Kai kana nan kana awon duwatsu, ni ke zaune da shi."

A saukowa ma ni ce gaba. Har Kolombo Malam bai ce mini komai ba. Ruwa ma ta hannun Nizam yake karɓa.

Kolombo

Sumana ya kai shi likitar ido. Lokotoron da ke duba idon mace ce, ƙarama. Ta haska ta ce farar yana ce ta rufe idon, ana cirewa, za a fara da na dama. Malam ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido. Sumana ya ce to kwalekwale ya tafi, yau zai kira wansa a nemi mai saye.

Malam ya juyo wajen da yake jin numfashina. "Ke kika jawo."

Na ce, "Ni na jawo ka, shi ya sa ba ka bi hularka ba. Tashi ka shiga."

Ya shiga. Aikin bai kai dahuwar wake ba. Washegari aka cire auduga. Ya ƙifta, ya kalli bango, ya kalli Sumana, sannan ya tsai da ido a kaina har na fara gyara mayafi.

Ya ce, "Kin tsufa."

Na ce, "Damina biyu kawai ka yi ba ka gan ni ba. Sauran a gabanka na yi shi."

Da muka koma Beruwala ya sake karɓar jikar, ya duba ta da kyau, ya ce hancin surukai ne. Sumana ya yanke magana: kwalekwale na nan, amma ba gulbi sai idon ya warke, na hagu kuma za a yi shi a Yamai bayan girbi. Malam ya ce zai yi tunani. Na ce ya gama tunanin.

Komawa gida

Hanyar da muka zo ita muka bi. A Dosso ya miƙa takardarsa inda ya kamata. Mun sauka tashar Gaya da la'asar sakaliya. Na ɗauki kabu-kabu zuwa gida, shi ya ce a kai shi bakin gulbi. Na sa nawa ya juya ya bi shi.

Maƙwabcin da aka bar wa amanar kwalekwalen ya jawo shi tudu ya bar shi a rana. Tun daga saman gaɓa, kafin kowa ya buɗe baki, Malam ya nuna da yatsa. "Wancan tsagewar ta gefen hagu, uban wa ya yi ta?" Ni kaina sai da na matsa kusa na gan ta, siririya kamar zare. Ya yi ta faɗa har masunta suka taru. Na zauna a kan wani kututture na bar shi ya yi abinsa.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Mun gode wa surukai, da Nizam da bai taɓa gudu da mu ba, da ƴar lokotoron nan, Allah ya yi wa hannunta albarka. Na gode wa waɗanda suka kula da awakina. Malam na can bakin ruwa tun safe yana toshe kwalekwalensa da kwalta, da ido ɗaya, ba mai nuna masa inda zai sa hannu.